Lefen Jingina

Ranar da aka kawo lefen Bara'atu, duk matan layinsu a Gaya sun yi guɗa, ban da mutum ɗaya. Amaryar ce.

Akwati huɗu aka jera a tsakar gida, sababbi dal. Gwaggo Hure, ƙanwar mahaifinta, ita ta zauna a kansu kamar ita ta saya. Tana ɗaga atamfa ɗaya bayan ɗaya, tana murza bakinta da yatsa, tana juyawa don maƙwabta su gani da kyau.

"Yauwa, yanzu na ji magana," in ji ta. "Da can wai akwati ɗaya za a kawo mana, kamar mun ba da sadakar 'ya. Fiddausina huɗu aka kawo mata, 'yar yayana ba za ta kasa ta ba."

Bara'atu tana leƙe ta labulen ɗakin Innarta. Ta san Abdulsalam ciki da waje. Manomi ne a Balan, maraya, gona ɗaya mahaifinsu ya bar musu shi da ƙanwarsa Hanne da tsohuwarsu. Da rani yana karɓar babur ɗin wani ya yi acaɓa, kuma tun da mai ya yi tsada abin da yake samu bai wuce na cefane ba. Mutumin da watan jiya ya kwana biyu bai kira ta ba don babu kati, ina ya samo leshi mai duwatsu?

Ta aika aka kira mata Hanne daga cikin 'yan kawo lefe. Tana shigowa ta saki labule ta riƙe hannunta.

"Hanne, dube ni. A ina Yaya ya samo kuɗin nan?"

"Allah ne ya buɗa masa."

"Ta wace ƙofa?"

Hanne ta sunkuyar da kai. Sai hawaye.

"Ya ce in na faɗa miki ba ni ba shi. Gonarmu ya jinginar."

Bara'atu ta nemi bakin gado ta zauna.

"Wa ya karɓa?"

"Alhaji Barau."

Duk faɗin Gaya da Ajingi, a rasa wanda za a kai wa gonar sai Barau! Shi ne mai sayen hatsi a kasuwar Ajingi, mai ba manoma buhu ɗaya da damina ya karɓi biyu da kaka. Shi ne kuma wanda ya yi shekara yana aiko wa Bara'atu turare da waya tana mayar masa, Gwaggo Hure tana bin bayan ɗan aiken tana ba da haƙuri.

"An ce in ya biya kafin shuka, gonarsa ta dawo," in ji Hanne tana share ido da bakin mayafi. "In kuwa Alhaji ya riga ya zuba iri, sai bayan kaka a yi magana. Kin san kuma yadda ake yi. Wanda ba shi da gona, da me zai tara kuɗin fansa?"

Bara'atu ta sani. Ba ta taɓa jin gonar da ta shiga hannun Barau ta fito ba. Ta ɗaga kai ta dubi sama ta taga. Hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, yana nan yana jira.

* * *

Bayan la'asar Abdulsalam ya zo zance, ya sha sabuwar shadda, yana murmushi irin na wanda ya ci jarrabawa. Ta fito ba kwalliya, ba ta ko shimfiɗa masa tabarma ba.

"Amarya, yau ko gaisuwa babu? Kaya ba su yi ba ne?"

"Sun yi. Nawa ne kuɗin gonar Balan?"

Murmushin ya ɓace. Ya jingina da bangon zaure.

"Hanne ce ko?"

"Kar ka taɓa ta. Ni na matsa mata. Yaya, ashe ba mu yi magana da kai ba? Ban ce maka ko turmi biyu ne ka kawo a leda, ni na yarda ba?"

"Kin yarda, amma ba ke kike karɓar lefe ba." Ya ɗago ya dube ta. "Gwaggonki ta tare ni a nan, a zauren nan. Ta ce akwati huɗu kafin damina, in ba haka ba in matsa in ba masu iyawa wuri. Baba yana zaune bai ce uffan ba. Me kike so in yi?"

"Ka zo ka faɗa mini."

"In faɗa miki me? In ce na kasa?" Ya cire hula ya murɗe ta a hannu. "Wallahi babu ƙofar da ban buga ba. Na je banki a Kano, suka ce sai ma'aikacin gwamnati ya tsaya mini. Wa na sani? Abokina ya nuna mini bashin nan na waya, na ga ruwan da suke ɗorawa, na ga yadda suka tura wa surukansa saƙo suna ce masa ɓarawo, na ce ba da ni ba. Na je gun kawuna, ya rantse mini da ƙyar suke cin abinci sau biyu. Sai wani dillali ya ce akwai Alhajin da ke karɓar jingina, babu ruwa ko kwabo. Ban san ko wane ne ba sai ranar da aka tara shaidu, na gan shi ya fito daga mota."

"Kuma ka karɓa."

"Na riga na ba Gwaggo rana."

Hawayen da take riƙewa tun safe suka zubo. Ba ta share ba.

"Babu ruwa ko kwabo, ka ce? Shi da zai noma gonarka bana, ya noma baɗi, wannan ba ruwa ba ne? Yaya, atamfa za mu dafa? In an kai ni Balan, in buɗe akwati in ba tsohuwarka leshi ta yi tuwo da shi? Kai kuma ka je ka yi ƙodago a gonar mahaifinka, Barau ya biya ka da yamma?"

"Bara'atu, ya isa."

"Bai isa ba! Ka ɗauki abincinmu ka miƙa wa mutumin da ke jiran mu faɗi, don matan unguwa su yi guɗar wuni ɗaya."

"Don kar in rasa ki na yi!" Ya ɗaga murya har wata akuya da ke kwance a bakin zaure ta tashi. Sannan ya sassauta, idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Gona ana sake samu. Ke in aka ba wani, shi ke nan."

Nan zuciyarta ta karye, don ta san gaskiyarsa ke nan. Son da yake mata ne ya kai shi ga wautar, kuma wautar ba ta rage mata sonsa ko kaɗan ba. Haushi dai yana nan daram.

"Ba a taɓa kayan ba, ko ɗaya ba a yanka ba," ta ce. "A kantin wa ka saya?"

Ya zaro ido.

"Kar ki soma. Kin san abin da mayar da lefe yake nufi a garin nan. Akwatin nan in ya fita ƙofar gidanku, kowa zai ce an fasa."

"Su ce."

"Baba ba zai yafe miki ba."

"A kantin wa ka saya, Yaya?"

Bai faɗa ba. Ya buga babur ɗin da ya zo da shi ya tafi ko sallama babu. Bai san sunan kantin yana jikin kowace leda a cikin akwatin ba.

* * *

Washegari da hantsi ta fara zuwa gidan Ummu Salma, uwar adashinsu. Tun da Bara'atu ta fara sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take zubi a wurinta. Ƙawayenta suna sayen hoda da sabon mayafi, ita tana ƙulle canji a bakin zane. Sau biyu kwasarta tana zuwa tana cewa a ajiye mata, na gado da katifa da kwanuka ne. Mahaifinta ba shi da ƙarfin yi mata kayan ɗaki, kowa a gidan ya san da wannan ajiyar aka dogara.

"Duka za ki karɓa?" in ji Ummu Salma. "To kafintan fa? Jiya ma ya aiko."

"Ki ce masa ya sayar wa wata."

Matar ta dube ta sama da ƙasa, ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin kuɗin.

"Guminki ne, ba zan hana ki ba. Amma amarya ba gado, Bara'atu?"

"Da tabarma aka haife ni, Yaya Ummu."

Ta dawo gida da ɗan sahu, ta ce ya tsaya a ƙofa. Gwaggo Hure tana tsakar gida da wasu mata biyu da suka zo ganin lefe, an sake baje kaya. Bara'atu ta yi sallama, ta durƙusa, ta fara ninke atamfofin tana mayarwa.

"Ke, lafiyarki? Ba su gama gani ba."

"Sun gama, Gwaggo. Mayarwa zan yi."

Gwaggo ta dafe ƙirji.

"Mayarwa ina?"

"Inda aka sayo su. Da kuɗin jinginar gona aka yi lefen nan, ni kuwa ba zan ɗaura gonar marayu a ƙuguna ba."

"Ina ruwanki da inda ya samo? Namiji ne, ya nemo! Ke kin taɓa jin inda amarya ta tambayi asalin lefe? Innalillahi! Yaya! Yaya, fito ka ga abin da 'yarka za ta ja mana!"

Malam Gwadabe ya fito daga turakarsa da carbi a hannu. Mutum ne mai sanyi, bai cika magana ba, amma yana tsoron bakin mutane fiye da yadda yake tsoron yunwa. Ya saurari ƙanwarsa har ta gaji, sannan ya dubi 'yarsa.

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baba."

"Jiya garin nan kaf aka shaida an kawo lefe gidana. Yau ki fita da shi a ɗan sahu, rana tsaka? Da wane ido zan shiga masallaci?"

"Baba, ni aka kawo wa kayan nan ko unguwa?"

"Ke aka kawo wa."

"To na yafe su."

"Ki yafe a cikin gida, ba a titi ba." Ya nuna ƙofa da carbin. "Ki ji da kyau. Akwatin nan in ya tsallake zaure, maganar yaron nan ta warware a wurina. Ban yi miki dole a kan kowa ba, kuma ba zan yi ba. Amma ba za ki mai da ni abin dariya ba."

Innarta tana bakin murhu, hawaye na zuba. Bara'atu ta dube ta, ta dubi mahaifinta. Ba ta taɓa musa masa ba tun da ta yi wayo. Can nesa aka yi tsawa, iska mai sanyi ta kaɗa shanyar tsakar gida.

"Ka yafe mini, Baba," ta ce.

Ta sa ɗan sahu ya kwashi ƙananan akwatunan, ta ɗora babban akwatin a ka, ta fita.

* * *

Mai kantin bai yi mata da sauƙi ba. Ya ce kayan da suka kwana a waje sun zama kwance, ya zaftare abin da ya zaftare, ya ƙi karɓar kayan shafa sam. Ta yi ciniki kamar ranar da take sayen gyaɗa a kasuwa, har ya ce da ita ko lauya sai haka. Da ta haɗa da kuɗin adashinta, ya cika kuɗin jinginar da Hanne ta faɗa mata, ragowar bai fi kuɗin mota ba.

Tana fitowa ruwa ya ɓarke.

Ta kira Hanne a waya, tana ihu saboda ƙarar ruwa a kan rufin kwano.

"Ki je ki ɗauko mai unguwa da shaidun nan, ku same ni a gona. Ki ce wa Yaya in yana so ya zo, in ba ya so ya zauna."

Hanyar Balan ta jiƙe sharkaf. Ɗan acaɓan da ya ɗauke ta sau biyu yana cewa su fake, tana cewa ya ci gaba. Ta cusa kuɗin a leda cikin rigarta ta rungume. Kafin su isa ruwan ya ɗauke, ƙasa ta sha ta ƙoshi, ko'ina mutane sun fito da sungumi da ƙwaryar iri. Ruwan shuka ne sosai, wanda ake jira.

Motar Barau tana bakin gonar. Ma'aikatansa sun sauke buhun iri, sun jeru a kan iyaka, kowa da sunguminsa a kafaɗa. Mai unguwa Maiwada yana tsaye da lema, Hanne a bayansa. Abdulsalam yana gefe ɗaya, ya harɗe hannu, ya ƙi kallon kowa.

Bara'atu ta sauka, zanenta ya manne da laka har gwiwa.

"Kar wanda ya sara!"

Barau ya juyo, ya gyara babbar rigarsa, ya yi murmushi.

"A'a, Bara'atu da kanta? Da kin faɗa ai da na aika mota."

Ba ta kula shi ba. Ta durƙusa gaban mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, an zuba iri a gonar nan?"

Tsohon ya dubi gonar daga wannan kai zuwa wancan.

"Ko rami ɗaya ba a sara ba, 'yata."

"To ga kuɗin Alhaji. A ƙirga a gaban shaidu."

Aka ƙirga a kan murfin mota, takardun duk sun yi sanyi. Barau ya so ya kawo maganar kuɗin iri da na ma'aikata, mai unguwa ya ce ba a yi wannan sharaɗin ba, irinsa yana nan a buhu, ya ɗauki abinsa. Ma'aikatan suka fara sauke sungumi suna kallon juna.

Barau ya zuba kuɗin a aljihu. Abin mamaki, bai yi fushi ba. Ya matso kusa da ita, ya yi magana yadda kowa zai ji.

"Gona ta koma, na yarda. Amma lefe ya fita daga gidanku, duk Gaya an gani. Gwaggonki ta kira ni tun kina kanti. Yanzu haka manyana suna hanyar zauren babanki da goro." Ya dubi Abdulsalam. "Ka riƙe gonarka, malam. Ni dama ba ita nake nema ba."

"Alhaji," in ji Bara'atu, "gona ana jinginarwa. Ni ba a jinginar da ni ba, balle ka jira wa'adi ya cika."

Motar ta tafi tana watsa laka. Abdulsalam ya tako a hankali ya tsaya gabanta. Namiji ne, amma kuka yake yi, bai ko ɓoye ba.

"Kuɗin kayan ba za su kai ba. Da me kika cika?"

"Da gadona da katifata."

"Bara'atu, kin kashe ni da kunya. Yanzu ba lefe, ba kayan ɗaki, Baba kuma ya janye. Me ya rage mana?"

"Gona." Ta share fuskarta da bayan hannu. "Kana da iri a gida?"

"Akwai gyaɗar da tsohuwa ta ɓoye."

"To me kake jira? Ƙasa za ta bushe. Ka je ka yi shukarka, ni zan je in ji da zaure."

"In raka ki."

"A'a. In suka gan ka za su ce kai ka zuga ni. Ni na ɗauki akwatin nan da kaina, ni zan amsa."

* * *

Ana shirin kiran magariba ta iso gida. Takalma sun cika bakin zaure. Dattawa uku daga Ajingi suna zaune kan tabarma, ga ƙwaryar goro da ledar alewa a gaban Malam Gwadabe, bai taɓa ba tukuna. Gwaggo Hure tana laɓe a bayan ƙofar cikin gida, ana ganin gefen mayafinta.

Ya kamata Bara'atu ta rufe fuska ta wuce sumsum, haka kowace 'ya take yi. Sai ta durƙusa a tsakiyar zauren, laka tana ɗiga daga zanenta, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya.

"Shiga ciki," in ji mahaifinta.

"Zan shiga, Baba. Amma ka ce ba za ka yi mini dole ba, ina so baƙinka su ji daga bakina, kar su yi asarar goronsu. Ban fasa auren Abdulsalam ba. Lefensa na mayar, na fanshi gonarsa. In shekara goma za a yi, shi nake jira."

"Kun ji ko!" Gwaggo ta faɗo zauren. "Kun ji rashin kunya! A gaban manya!"

Babban cikin dattawan ya yi gyaran murya, ya jawo ƙwaryar goron gabansa a hankali, ya rufe ta da faifai.

"Malam Gwadabe, mu ba mu zo ƙwace ba. Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Suka tashi suka nemi takalmansu. Ƙarar motarsu ta yi nisa har ta ɓace.

Malam Gwadabe ya daɗe yana kallon tabarma. Da ya ɗago, Bara'atu ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, idon mahaifinta cike da ƙwalla. Muryarsa kuwa ba ta yi laushi ba.

"Sau biyu yau kin kunyata ni, da safe a titi, yanzu a zaurena. Na ce ba zan yi miki dole ba, ba zan ci maganata ba. Ki aika wa yaron nan ya turo manyansa da sadaki, ranar Juma'a in ɗaura."

Ta ɗago kai ta dube shi.

"Amma ki sani," ya ci gaba, "babu taro a gidan nan. Ba kamu, ba guɗa, ba gara. Kuma mace ko ɗaya daga gidana ba za ta raka ki ba, har uwarki."

Daga cikin gida aka ji kukan Inna ya fashe. Shi ne ya soki Bara'atu fiye da komai. Tun tana ƙarama take ganin ranar da Inna za ta riƙe hannunta har bakin mota tana yi mata nasiha. Ta ciji leɓe, hawaye suka gangaro suka haɗu da lakar da ke haɓarta. Ba ta roƙa ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba.

"Na gode, Baba," ta ce. "Na san hanyar Balan. Yau ma ni kaɗai na je."